Ya Sayar Da Ƙodarsa Don Ya Sayi Waya: Me Ya Jefa Matasan Ƙasar Sin Cikin Son Abin Duniya?

Uwargida, ki ɗauka ɗanki mai shekara 17 ne ya shigo gida da sabuwar waya dal a leda, ga kuma kwamfutar hannu, alhali kin san ko kuɗin kati ke kike ba shi. Kin tsare shi da tambaya, ya yi 'yan kame-kamensa, daga ƙarshe ya buɗe baki ya ce miki ƙodarsa ɗaya ya sayar.

Abin da ya sami wata uwa ke nan a lardin Anhui na ƙasar Sin a shekarar 2011. Ɗanta ɗan sakandare ya haɗu da dillalan sassan jiki a intanet, suka ja shi zuwa birnin Chenzhou da ke lardin Hunan, aka yi masa tiyata a ɓoye aka cire ƙodar. Yuan 22,000 aka damƙa masa, wato kimanin dala 3,500 a lokacin. Wanda ya ƙulla cinikin kuwa yuan 220,000 ya karɓa, ninki goma ke nan. Yaron ya je ya sayi iPhone da iPad. Labarin ya karaɗe ƙasar, har masu barkwanci a intanet suka laƙaba wa iPhone suna "wayar ƙoda", duk lokacin da sabuwa ta fito sai ki ji ana zolaya, wai kowa ya shirya tasa ƙodar.

Na san abin da zai fara zuwa bakinki: yaran zamani sai addu'a. Ni ma shi na fara faɗa. Sai dai yaro ba ya tashi da safe haka kawai ya yanke shawarar cewa waya ta fi sassan jikinsa daraja. Akwai inda ya ga ana auna mutum da abin hannunsa, ya daɗe yana gani, har abin ya zauna masa. A 2013 kamfanin binciken ra'ayi na Ipsos ya tambayi mutane a ƙasashe 20 ko suna auna nasararsu da abin da suka mallaka. Kashi 71 cikin 100 na Sinawan da aka tambaya suka ce e, babu ƙasar da ta kai su, alhali idan aka haɗa ƙasashen gaba ɗaya kashi 34 ne kacal. Ta intanet aka yi tambayar, don haka muryar mutanen birni ta fi yawa a ciki. Amma ki lura da abu ɗaya: akasarin waɗanda suka amsa manya ne, iyaye da yayyen waɗannan yaran. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Daga takardar rabon hatsi zuwa BMW

Kafin ki fahimci jikan, sai kin san kakar. Tsohuwar da ke da shekara 70 zuwa sama a ƙasar Sin a yau, tana yarinya aka yi babbar yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe mutane miliyoyi barkatai. Bayan yunwar ma, shekara da shekaru mutumin birni ba ya sayen hatsi ko mai ko yadi da kuɗi kaɗai, sai ya haɗa da takardar rabo ta gwamnati. Takardar hatsi ba a daina amfani da ita ba sai 1993. Ki lissafa ki gani, iyayen samarin yau da yawansu sun yi wayo sun tarar da ita.

A shekarun 1970, idan saurayi yana son a ce ya isa aure, abu uku ake duba masa: keken hawa, agogon hannu da keken ɗinki. In ya ƙara da rediyo, to ya gama kece raini. Idan kin taso kin tarar da keken ɗinki Butterfly a ɗakin mahaifiyarki, ko keke Phoenix a zauren gidanku, to daga Shanghai suka fito, kuma irinsu ne amaren can suke mafarki a wancan zamani.

A ƙarshen 1978 Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar kasuwa. Ya fito fili ya ce a bar wasu mutane da wasu yankuna su fara yin arziki, sauran su biyo baya. Abin da ya biyo baya duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40. A 1978 ƙasa da kashi 20 cikin 100 na Sinawa ne ke zaune a birane, yau kusan biyu cikin uku ne. Abubuwa ukun nan na aure suka koma talabijin da firji da injin wanki a shekarun 1980, daga baya suka zama gida da mota da ajiya a banki.

A 2010 aka yi wani abu da ya nuna nisan tafiyar. A wani shirin haɗa masoya na gidan talabijin ɗin lardin Jiangsu, wani saurayi marar aiki ya tambayi wata budurwa ko za ta yarda ya goya ta a kekensa su zaga gari. Ta ba shi amsa cewa gara ta yi kuka a cikin BMW da ta yi dariya a bayan keke. Ƙasa ta ɗauka, aka yi ta tsine mata, hukumar kula da kafafen watsa labarai ta sa wa irin waɗannan shirye-shirye takunkumi. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne keken. Abin da kakarta ta yi alfahari da shi ranar aurenta, shi ne ya zama abin gori a bakin jika, duk a cikin rayuwar mutum ɗaya.

Wanda ya sha yunwa yana yaro, in ya samu, da wuya ya iya hana jikansa abu. A wurin irin waɗannan tsofaffi, cika wa yaro kwano da saya masa abin da su ba su samu ba, ita ce hanyar da suka sani ta cewa ina son ka.

Manya shida, yaro ɗaya

Sai kuma ga dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka fara aiwatarwa daga 1979 zuwa 1980, ba a kuma janye ta ba sai ƙarshen 2015. Ba kowa ta hau daidai ba. A ƙauyuka da yawa an yarda a sake haihuwa idan ta fari mace ce, ƙananan ƙabilu ma an sassauta musu. Amma a birane an tsaurara sosai, har aka samu zuriya guda cur da ba ta san wa ko ƙani ba, ba ta san rabon nama da 'yan'uwa ba, ba ta san saka kwancen yaya ba.

Sinawa suna kiran irin wannan gida "4-2-1": kakanni huɗu, iyaye biyu, yaro ɗaya. Ki hango shi a tsakiya, manya shida kowa na jiran ya yi tari a ce me kake so. A bikin sabuwar shekararsu, al'ada ce a ba yara kuɗi a cikin jan ambulan. A gidan da jikoki goma sha suke, kuɗin raba su ake yi. A gidan ɗa tilo kuwa duk aljihu ɗaya suke faɗawa. Daga nan aka samo sunan da ake kiran waɗannan yara da shi, "ƙananan sarakuna".

Sai dai sarautar tana da kaya mai nauyi, wanda mai hangen nesa ba ya gani. Wata masaniyar halayyar al'umma, Vanessa Fong, ta zauna da iyalai a birnin Dalian a ƙarshen shekarun 1990, ta fitar da littafi a kansu a 2004. Abin da ta gani shi ne, iyaye masu ƙaramin ƙarfi suna ƙuntata wa kansu, su ci marar daɗi su sa tsohon kaya, don ɗansu tilo ya rayu kamar ɗan ƙasar da ta ci gaba. A madadin haka suna jiran ya yi karatu ya sami babban aiki ya riƙe su idan sun tsufa, domin ba su da wani sai shi. A ƙauyukan Sin har yanzu fanshon da tsofaffi da yawa ke karɓa bai wuce yuan ɗari biyu da 'yan kai a wata ba. Tun 2013 ma doka ta wajabta wa 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu tsofaffi.

To ki sa kanki a matsayin wannan yaro. Tun yana firamare ya san cewa shi ne jarin gidan. Watarana shi da matarsa, wadda ita ma ƙila tilo ce, za su ɗauki nauyin iyaye huɗu da nasu 'ya'yan. Idan irin wannan yaro ya ce miki babban burinsa a duniya shi ne ya yi kuɗi, kwaɗayi ne ko tsoro? A ganina an cakuɗa su, kuma tsoron ya fi yawa.

Kada kuma mu ɗora wa ɗa tilo laifin da ba nasa ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2013, wanda aka yi a kan mutane 421 a Beijing, ya nuna cewa waɗanda aka haifa bayan dokar sun fi ƙarancin yarda da mutane, sun kuma fi gudun kasada. Amma wasu masana da suka daɗe suna nazarin 'ya'ya tilo, irin su Toni Falbo, sun sha nuna cewa bambancinsu da sauran yara bai kai yadda ake zuzutawa ba. Yawan 'ya'ya ko ƙarancinsu ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Kowa da yunifom, sai a koma kallon ƙafa

Rayuwar ɗan sakandare a Sin gaba ɗaya jarabawa ɗaya take fuskanta, wato gaokao, ta shiga jami'a, wadda ake yi a watan Yuni. A 2024 ɗalibai sama da miliyan 13 ne suka yi rajistarta. Makin da yaro ya samu shi ke nuna jami'ar da zai shiga, jami'ar kuma ita ke buɗe ko rufe ƙofar aiki. Yara da yawa daga asuba suke kan littafi har ƙarfe goma na dare. Saboda haka idan an ce matasan Sin suna son abin duniya, kada ki hango 'yan zaman kashe wando. Yara ne da suka gaji tiɓis.

A irin wannan gida, ciniki ne ke shiga tsakanin uwa da ɗa ba tare da kowa ya lura ba. Ka shiga cikin goman farko a aji, a saya maka takalmi. Ka ci jarabawa, a sauya maka waya. Makinka ya faɗi, a ƙwace. Uwar ba mugunta take yi ba, hanyar da ta ga tana aiki ce. Amma wasu masana biyu a Amurka, Marsha Richins da Lan Chaplin, sun wallafa bincike a 2015 da ya nuna cewa yaran da aka saba saka musu da kaya ko hukunta su ta hanyar ƙwace kaya, sukan girma suna auna kansu da sauran mutane da abin da aka mallaka. Wani abin mamaki, iyaye masu tsananin ƙauna su ne suka fi faɗawa wannan tarko, don su ne hannunsu ya fi saurin kai wa aljihu.

Makarantun Sin galibi yunifom ake sawa, wando da riga irin na motsa jiki, ɗan attajiri da ɗan leburan gini duk iri ɗaya. An yi haka ne don a rufe bambanci. Sai gasar ta sauka ƙasa ta koma takalmi. Yara sun san kambas ɗin da ya kai yuan dubu da wanda bai kai ɗari ba, sun san na asali sun san jabu, tun daga nesa. Sinawa suna da kalma ta musamman ga wannan hali, panbi, wato auna kai da na kusa don kada a bar ka a baya. A 2019 sayen takalma don a sake sayarwa da tsada ya haukace a tsakanin matasa, har reshen babban bankin ƙasar da ke Shanghai ya fitar da gargaɗi a kai.

Ƙananan ma ba su tsira ba. Akwai agogon hannu na yara mai kiran waya, samfurin Xiaotiancai, wanda iyaye ke saya don su san inda ɗansu yake. Yara suna ƙulla abota a cikinsa ta hanyar haɗa agogo da agogo, amma sai da mai irinsa. Yarinyar da aka saya wa wani samfuri mai araha, agogonta na aiki lafiya lau, sai dai ba ta cikin hirar 'yan ajinsu. Idan ta dawo gida tana kuka a sauya mata, agogo take nema ko ƙawaye?

Waɗanda aka bar wa kaka

Duk wannan labarin birni ne. Akwai wata ƙasar Sin ɗin a bayansa, kuma a nan ne abin ya fi ban tausayi.

Kusan mutum miliyan 300 ne 'yan ci-rani a Sin, waɗanda suka baro ƙauye suka tafi masana'antu da wuraren gini. Akwai tsarin rajistar iyali da ake kira hukou, wanda ke ɗaure haƙƙin makaranta da asibiti da garin da aka yi wa mutum rajista. Saboda haka da yawa ba sa iya tafiya da 'ya'yansu, sai su bar su wurin kakanni. A 2013 ƙungiyar matan ƙasar ta ƙiyasta cewa yara miliyan 61 ne a ƙauyuka uwa ko uba ko duka biyun suka tafi suka bari. Daga baya gwamnati ta taƙaita ma'anar zuwa yaran da duka iyayen ba sa nan, adadin ya sauko, amma har a hakan miliyoyi ne.

Da yawan waɗannan yara sau ɗaya suke ganin iyayensu a shekara, lokacin hutun sabuwar shekara. Uwa ta iso da jaka cike da tsaraba da zuciya cike da jin ta yi laifi. Kwana bakwai ko goma ta koma. Abin da ya rage tsakaninta da ɗanta sai kuɗin da take turowa da wayar da ta saya masa don su riƙa gaisawa. Ita a ranta ta san guminta ne da ƙaunarta take aikowa. Shi kuma abin da ya koya shi ne, idan ana son ka, abu ake ba ka. Kaka ba ta iya karatu sosai ba, balle ta san abin da ke cikin waya.

A cikin wayar kuwa me yake gani? 'Ya'yan sababbin attajirai, waɗanda ake kira fuerdai, suna nuna motoci da jakunkuna da cin abinci a otal. A watan Mayun 2020 firaministan ƙasar na lokacin, Li Keqiang, ya tunatar da jama'a cewa akwai Sinawa miliyan 600 da abin da ke shigo musu a wata bai wuce kimanin yuan 1,000 ba. Sabuwar iPhone kuwa ta ninka haka sau biyar ko fiye. Da can talaka ba ya ganin cikin ɗakin mai kuɗi. Yanzu yana kwance a kan gadon kakarsa ake zagayawa da shi har banɗaki. Ki tuna, yaron da ya sayar da ƙodarsa daga Anhui ya fito, lardin da ya yi suna wajen fitar da 'yan ci-rani. Ɗan mai kuɗi in ya so waya, baba zai kira. Wanda ba shi da shi ne ke biya da jikinsa.

Masu neman kuɗi kuma sun gano wannan rauni. An sha samun yaran da suka kwashe ajiyar iyayensu suka yi wa masu shirin kai-tsaye liƙi a intanet, don kawai a ambaci sunansu a gaban dubban 'yan kallo. Abin ya yi yawa har kotun ƙolin ƙasar ta bayyana a 2020 cewa iyaye na iya neman a mayar musu da irin wannan kuɗi, a 2022 kuma aka haramta wa 'yan ƙasa da shekara 18 yin liƙin baki ɗaya. Waɗanda suka shiga jami'a kuma sai suka tarar da manhajojin bashi na jiran su. A 2016 aka bankaɗo wata badaƙala mai muni: masu ba da rance suna sa ɗalibai mata su turo hotunansu tsirara riƙe da katin shaida a matsayin jingina, in an kasa biya a yi barazanar tura wa iyaye. Da yawa bashin na waya ne ko kayan kwalliya. A 2017 aka hana kamfanonin rance na intanet ba ɗalibai bashi, aka sake tsaurarawa a 2021.

Ga kuma aure yana jira a gaba. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35, sakamakon fifita ɗa namiji a zamanin dokar ɗa ɗaya. A wurare da yawa saurayin da ba shi da gida nasa na kansa ba ya ma tunkarar iyayen yarinya, kuɗin auren da ake kira caili kuma a wasu ƙauyuka ya kai abin da iyali za su tara a shekaru. Yaro ɗan shekara 15 yana jin ana wannan lissafi a kan yayan abokinsa ko ɗan maƙwabta. Ba sai an zaunar da shi an yi masa bayani ba.

Gwamnati ta sa hannu

Hukumomin Sin ba su naɗe hannu ba, kuma idan suka tashi ba sa wasa. A watan Yulin 2021 aka hana kamfanoni cin riba da lesin a manyan darussan makaranta, don a rage wa iyaye kashe kuɗi, yara kuma su huta. A watan Agusta aka taƙaita wasannin intanet ga 'yan ƙasa da 18 zuwa awa uku a mako: ƙarfe 8 zuwa 9 na dare ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi. A 2023 aka hana sayar wa yara 'yan ƙasa da shekara 8 akwatunan nan na 'yar tsana da ba a sanin abin da ke ciki sai an buɗe, waɗanda ke sa yaro ya yi ta saye kamar mai caca. A 2024 kuma aka rufe shafukan wasu fitattun masu nuna dukiya a intanet, masu mabiya miliyoyi.

Wasu matakan sun yi amfani. Amma rufe shafi abu ne mai sauƙi, abin da ya haifi shafin shi ne mai wuya. Jarabawar tana nan, lesin ya koma ɓoye ya ƙara tsada, surukai ba su daina tambayar gida ba. Sannan gwamnatin da ke wa'azin tsimi ita ce kuma ke roƙon jama'a su fito su kashe kuɗi don tattalin arziki ya motsa. Ranar 11 ga Nuwamba, wadda kamfanin Alibaba ya mayar ranar garaɓasa tun 2009, cinikinsa a bikin 2021 kaɗai ya haura yuan biliyan 540. Yaro yana jin wa'azin, yana kuma ganin uwarsa ta raba dare tana cika kwando a waya.

Abin da doka ta kasa, sai yanayi ya fara yi. A watan Yunin 2023 rashin aiki tsakanin matasan birni 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin 100, har hukuma ta dakatar da fitar da alƙaluman na wasu watanni. Farashin gidaje ya faɗi. Tun 2021 wata kalma ta bazu a bakin matasa, tang ping, wato kwanciya a miƙe: ba zan sayi gida ba, ba zan yi tseren ba, a bar ni in huta. Yanzu akwai matasa da yawa da alfaharinsu shi ne sun sami kaya mai kama da na manyan kamfanoni a kashi ɗaya bisa goma na kuɗin, ko sun sayi na hannu a manhajar gwanjo ta Xianyu. Kada dai ki ce sun zama waliyyai. A watan Yunin 2025 an yi gwanjon wata 'yar tsana Labubu mai girman mutum a Beijing a kan yuan miliyan 1.08. Haihuwa ma da yawa sun ce ba da su ba, saboda tsadar rainon ɗa a irin wannan gasa. Ƙasar da ta hana haihuwa ta biyu, a 2021 ta halatta uku, a 2025 kuma ta fara biyan iyaye yuan 3,600 a shekara kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku.

Wayar da ke hannunki

Wataƙila kina cewa, to ni ina ruwana da Sin? Juya wayarki ki duba bayanta. Idan Tecno ce ko Itel ko Infinix, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ne ya ƙera ta. TikTok ɗin da 'yarki ke ɓoyewa tana kallo, kamfanin ByteDance na Beijing ne ya ƙirƙiro shi. A can gida suna da nasu daban mai suna Douyin, kuma tun 2021 yaron da bai kai shekara 14 ba, in an yi rajista da sunansa na gaskiya, minti 40 kawai yake samu a rana, da dare kuma a rufe. Ke a gidanki wa ke ƙirga mintocin?

Gidajenmu ba irin nasu ba ne, mu Allah ya albarkace mu da 'ya'ya da dangi. Amma wasu tambayoyin sun shafi kowace uwa. Idan ɗanki ya yi abin kirki, me kike fara miƙa masa, kaya ko lokacinki? Idan baƙuwa ta fita, me yara ke ji kina faɗa a kanta, halinta ko leshinta? Idan mahaifinsu yana nesa wurin nema, muryarsa suke jira ko alat?

Akwai wani bincike da nake son ki riƙe. Lan Chaplin ɗin nan da abokiyar aikinta Deborah John sun gano a 2007 cewa son kaya yakan yi tsanani ne wajen shekara 12 zuwa 13, daidai lokacin da yaro ya fi raina kansa, sannan ya ragu idan ya ƙara girma. Da suka ba wasu yaran kyawawan kalaman da abokansu suka rubuta a kansu, nan take son kayan ya sauka. A Amurka aka yi binciken, amma duk uwar da ta raini ɗan shekara 13 za ta gane hoton. Ranar da ya matsa miki lamba a kan takalmi ko waya, kafin ki ce babu ko ki ce ungo, ki tambaye shi abin da ya faru a makaranta.

Shi kuwa yaron Anhui, a 2012 aka gurfanar da dillalan da likitan da ya yi tiyatar, aka yanke wa da dama hukuncin ɗauri, aka biya iyalinsa diyyar da ta haura yuan miliyan ɗaya. Tun kafin a gama shari'ar ƙodar da ta rage masa ta fara gazawa. Shekaru bayan haka jaridun ƙasar suka ruwaito cewa yana kwance, da wankin ƙoda yake rayuwa. Wayar da ya saya iPhone 4 ce. Da za a ba ki ita yau kyauta, ko WhatsApp ba za ta buɗe miki ba.